Agogon Kakanmu Da Ya Sha Ruwa, Da Yadda "Ƙarfe" Ya Shigo Ƙasar Gwandu



Mutanen jihar Kebbi ba za su manta da daminar 2020 da wuri ba. A shekarar ce ambaliya ta shanye gonakin shinkafa a fadamu, ta rusa gidajen ƙasa, ta yanke hanyoyi. Gidanmu na Diggi ma bai tsira ba. Bangon ɗakin marigayi kakanmu ya zube, ruwa ya kwanta a ciki kwana da kwanaki. Da aka zo kwashe kaya, hankalin kowa yana kan hatsi da tufafi, sai aka ɗauko adakarsa aka jingine a zaure ba a buɗe ba. Sai da sanyi ya shigo aka tuna da ita. A can ƙasa, ƙarƙashin wata tsohuwar jallabiya da ta riga ta ruɓe, muka tarar da agogonsa na hannu a naɗe cikin tsumma.

Gilashin ya dushe, ta ciki ya yi jan gumi. Hannayen sun tsaya cak. Sarƙar ta cije, ɗan maɓallin gefe da ake saita lokaci da shi ya ƙi motsi. Abin da kawai ake iya karantawa a fuskarsa shi ne sunan Seiko da lamba 5. Wani ya ce a jefar, wani ya ce a ba yara su yi wasa. Mu muka ɗauka muka sa a aljihu.

Gyaran agogon nan ya ci makonni, kuma a cikin makonnin ne muka fara yi wa kanmu tambayoyin da ba mu taɓa yi ba. Yaushe agogo ya shigo ƙasarmu? Da me kakanninmu suke sanin lokaci kafin zuwansa? Idan za a gyara tsohon abu, me ya kamata a canza, me ya kamata a bari? Amsoshin da muka samu sun shafi duk wanda yake son rubuta labarin da ya faru a zamanin da, shi ya sa muka kawo su nan.

Kafin zuwan agogo

Bahaushe bai taɓa rasa lissafin lokaci ba. Yini a wurinsa a yanke yake gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da sunanta: asuba, sassafe, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, magariba, lisha, talatainin dare. Da dare akwai kukan zakara, akwai fitowar Gamzaki da ke nuna asuba ta kusa, akwai Kaza da 'Ya'yanta da manomi ke dubawa don sanin inda shekara ta kai. Nisan tafiya kuwa da zango ake faɗarsa, ko a ce tafiyar yini ce, ko ta wuni biyu.

Malamai suna da awo mafi tsauri, domin salla ba ta karɓar "wajen-wajen". Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, da inuwa suke iyakance lokaci. Azahar tana shiga idan rana ta gota daga tsakiyar sama, inuwa ta fara ƙaruwa bayan ta gama raguwa. La'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da ɗan abin da ya rage na inuwar tsakar rana. Ladan yakan tsaya a fili ya auna inuwarsa da tafin ƙafarsa, a kan lissafin cewa tsawon mutum kimanin ƙafa bakwai ne na ƙafar kansa. Wannan agogo ne da ba ya tsatsa, sai dai hadari ya rufe shi. Da shi aka yi salla a Gwandu tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo.

Baƙin da suka zo da agogo a aljihu

Labarin agogon ƙarfe a wannan yanki, wanda aka rubuta aka ajiye, ya biyo sawun matafiya Turawa ne. A 1824 Hugh Clapperton ya isa Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya nuna masa na'urorinsa na duba taurari da auna tsayin rana, ya kuma rubuta cewa Sarkin ya san buruji da taurari da dama da sunayensu na Larabci. Da ya dawo a 1826, cikin kyaututtukan da ya kawo akwai agogo da littattafan Larabci, har da littafin lissafi na Euclid. Clapperton bai koma gida ba, a kusa da Sakkwato ya rasu a watan Afrilu 1827.

Wanda ya fi shafar mu shi ne Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim. Ya sauka a Gwandu a watan Mayu 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, kuma a nan ne ya samu kwafen Tarikh al-Sudan ya kwafi abin da ya iya. A watan Yuni ya kama hanyar Timbuktu. Ya bi ta Birnin Kebbi, ya wuce Kola da Zuguru, ya iso Diggi, inda 'ya'yan sarkin Zogirma uku suka taryo shi a kan dawakai suka yi masa maraba. Ya ambaci faffaɗar fadamar da ake noman shinkafa a cikinta, wadda har yau ita ce cinmu, ita ce kuma ke kawo mana ambaliya.

Barth da agogo da kamfas yake auna tafiyarsa. Yana duba inda aka dosa, ya duba minti nawa aka yi ana tafiya, ya rubuta. Da wannan lissafi aka zana taswirorin da suka sa sunayen garuruwanmu a takardun Turai. Wato ranar da ya ratsa Diggi lokaci biyu ne suka gitta wa juna, na mutanen gari da ke duban inuwa, da na baƙon da ke duban aljihunsa.

Akwai abin da ya kamata marubucin Hausa ya riƙe a nan. A cikin ayarin Barth akwai wani yaro Bahaushe, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka 'yanta daga bauta. Shi ne daga baya ya je Ingila ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Ɗaya daga cikin mutanen farko da aka buga tarihin rayuwarsu da Hausa ya taka ƙasar Diggi yana yaro. Mu da muka tashi a garin ba a taɓa gaya mana ba.

Yadda ƙarfe ya zama lokaci

Kalmomin da muke faɗar lokaci da su a yau kowace tana ɗauke da alamar hanyar da ta biyo. "Sa'a" da "daƙiƙa" daga Larabci suke, sun zo da malamai. A Larabci daƙiƙa minti take nufi, mu kuwa sau da yawa sakan muke nufi da ita. "Awa" da "minti" da "sakan" daga Ingilishi suke. "Agogo" daga Yarbanci muka aro ta, inda asalinta ƙararrawa ce da ake bugawa, alamar cewa ta kudu abin ya fi shigo mana. "Ƙarfe" kuwa tamu ce, amma aikin da aka ba ta sabo ne. A bariki da ofis da makaranta akan rataye guntun ƙarfe, idan awa ta cika a buga shi adadin awannin. Wanda ya ce "ƙarfe nawa?" asalin tambayarsa ita ce sau nawa aka buga.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903, kuma daga 1906 fadar Sarkin Gwandu ta zauna a Birnin Kebbi. Da mulkinsu aka samu ayyukan da inuwa ba ta isar musu: faretin soja, zaman kotu, shiga aji, buɗe baitulmali, aika waya. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, shi kuwa jirgi dole tashar Legas da ta Kano su yarda da lokaci ɗaya. A ranar 1 ga Satumba 1919 aka ɗora Najeriya duka a kan lokaci guda, awa ɗaya gaba da na Greenwich.

Wannan lokaci na gwamnati an yanka shi ne a kan layin digiri 15 gabas, wanda ya ratsa ta wajen Njamena. Mu a Kalgo muna wajen digiri 4 ne. Rana tana cin minti 4 kafin ta ƙetare digiri ɗaya, saboda haka agogon hannunmu yana gaban ranarmu da minti arba'in da 'yan kai. Shi ya sa idan agogo ya ce sha biyu, inuwa a Diggi ba ta gama raguwa ba, sai tsakanin sha biyu da rabi zuwa kusan ƙarfe ɗaya, gwargwadon watan da ake ciki. Shi ya sa kuma da azumi mutanen Maiduguri suke riga mu shan ruwa da fiye da rabin awa, alhali agogonmu da nasu abu ɗaya suke nunawa. Tsofaffin ladanai da suke leƙa sama ko da agogo a hannunsu sun san abin da suke yi.

Daga baya rediyo ya zo ya zama uban agoguna. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962. Mai agogo yakan jira a faɗi lokaci kafin labarai ya saita nasa, maƙwabta kuma su saita da shi.

Agogon alhazai

A Turai ma agogon hannu ba tsohon abu ba ne can-can. Maza agogon aljihu suke riƙewa har zuwa Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, lokacin da sojoji suka ga ba su da hannun laluben aljihu a fagen daga. Tun daga nan babban abokin gaban agogon hannu shi ne ruwa da ƙura. A 1926 kamfanin Rolex ya fito da Oyster, mai marfi da maɓalli da ake ɗaurewa kamar noti, kuma a 1927 wata 'yar Ingila mai iyo, Mercedes Gleitze, ta shiga tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa da shi a jikinta ya fito yana aiki. Irin wannan agogo na masu hannu da shuni ne. Wanda ya kawo agogo mai ƙarko hannun talaka shi ne Japan. Seiko 5 ya fito a 1963, mai tafiya da motsin hannu, mai nuna rana da kwanan wata. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe mai nauyi, rabin da'ira, da ke juyawa duk lokacin da hannu ya motsa yana ɗaure sifirin. Da yake yana tsayawa idan an ajiye shi kwana biyu, har wasu suke cewa da jinin mutum yake aiki.

A shekarun 1970 kuɗin man fetur ya shigo, jirgin sama ya sauƙaƙa hanyar Makka, alhazan Najeriya suka yi ta ƙaruwa har suka haura 100,000 a 1977. Tsarabar alhaji a lokacin sananniya ce: ruwan Zamzam, dabino, carbi, darduma, haƙorin Makka, rediyo, da agogo. Seiko da Citizen da Orient da Rado sun cika kasuwannin Makka da Madina da Jidda. Na kakanmu ranakun mako a cikinsa da Larabci suke fitowa, domin an yi shi ne don kasuwar ƙasashen Larabawa. Hakan ya yi wa Bahaushe daidai, tunda daga Lahadi har Asabar sunayen ranakunmu daga can suke.

Wannan zamani shi ya raya sana'ar gyaran agogo. Kowace babbar kasuwa tana da mai ɗan teburi da akwatin gilashi, da madubi a maƙale a ido ɗaya. Amma tun kafin sana'ar ta yi ƙarfi a wurinmu, abin da zai kashe ta ya riga ya fito. A ranar 25 ga Disamba 1969 Seiko ya fara sayar da Astron, agogon hannu mai batir na farko da ke lissafi da girgizar dutsen kwaz. Cikin shekara ashirin irinsa ya yi arha ya cika duniya. Ma'aikatan agogo a Suwizalan sun ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa ƙasa da 30,000 a ƙarshen shekarun 1980. Casio F-91W na roba ya fito a 1989. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kowa ya samu agogo a aljihu kyauta. Masu gyara suka koma canza batir da rage tsawon sarƙa, yaransu suka koma gyaran waya.

A teburin mai gyara

Sai da muka yi tambaya a wurare uku a Birnin Kebbi kafin aka nuna mana wani dattijo da har yanzu yake buɗe agogo mai inji. Muka gaisa, muka miƙa masa. Ya juya shi, ya kai kunne, ya dube mu.

"Samari, mi kunka yi mai tun da anka fiddo shi?"

Muka ce, "Baba, mun shanya shi a rana kwana biyu, mun ɗan girgiza shi, mun gwada murɗa maɓallin."

Ya girgiza kai. "Duk abin da ba a yi, shi kunka yi. Da ranar da ya sha ruwa anka kawo shi, da aikin yini guda ne."

Ya yi mana bayani. Ruwa yana shiga agogo ta wuri uku: ta maɓalli, ta bakin marfin baya, ta gefen gilashi. Kowane wuri akwai siririyar roba da ke tsare shi, amma roba tana bushewa da shekaru, balle a zafin ƙasarmu. Rubutun da ke bayan agogo cewa ruwa ba ya shigarsa alkawari ne na ranar da yake sabo. Ya ce yawancin agogunan da ake kawo masa ba gulbi suka faɗa ba, alwala ce ta ci su a hankali, sau biyar kullum. Idan ruwa ya shiga kuma aka bar marfi a rufe, shanyawa a rana tururi kawai take tayarwa, ya zagaye injin ya sake kwantawa. Girgizawa da murɗawa kuwa suna tilasta wa haƙoran da suka cije su motsa, sai su karye.

Da ya kwance marfin, wani wari ya taso kamar na tsohuwar rijiya. Cikin agogo ƙarfe iri biyu ne. Faifan da aka dasa komai a kansa na tagulla ne, shi ruwa yakan sa ya yi kore-kore amma ba ya cinye shi da sauri. Ƙananan sukurori, da sandar maɓalli, da ƙafafun da ƙafafun gargare ke juyawa a kansu, na baƙin ƙarfe ne, su tsatsa ke ci. Tsatsa tana kumbura fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, shi ya sa take cije komai. Wasu ƙafafun kaurinsu bai wuce na gashin kai ba, tsatsa kaɗan ta ishe su.

Bai yi gaggawa ba. Ya ɗiga mai a kan kowane sukuru ya ajiye agogon kwana uku. Da muka dawo ya fara kwancewa da hantsaki, yana jera kowane yanki a faranti bi da bi. Sukuru ɗaya ya karye a cikin raminsa. A nan muka ga dabarar da ba mu taɓa ji ba. Ya cire duk wani baƙin ƙarfe daga faifan, ya jiƙa shi a ruwan alam mai ɗumi, alam ɗin nan da ake tace ruwan sha da shi. Alam yana narkar da baƙin ƙarfe, ba ya taɓa tagulla. Bayan 'yan kwanaki guntun sukurun ya zama baƙar laka, ramin ya fito lafiya.

Sauran aikin wanki ne da zaɓe. Ya wanke kowane yanki a tataccen fetur da ɗan buroshi. Ya feƙe tsinke ya goge ramukan jajayen duwatsun nan da ake rubuta adadinsu a fuskar agogo. Yaƙutu ne na haɗi, an sa su ne don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, kuma ruwa ba ya yi musu komai. Yankin da tsatsarsa ta tsaya a sama ya goge ya mayar. Wanda ta yi wa rami ya ajiye gefe, ya jawo wata gwangwani cike da matattun agoguna ya nemo irinsa. Ya ce rabin jarinsa a gwangwanin nan yake, tunda kamfani ya daɗe da daina yin kayan wannan inji. Abin da ya ceci agogon shi ne siririn sifirin nan mai kama da gashi, wanda ke sa zuciyar agogo kai da komo. A tsofaffin agoguna da baƙin ƙarfe ake yin sa, tsatsa na taɓa shi an gama. Zuwa zamanin wannan an koma yin sa da gaurayen ƙarfe mai jure tsatsa.

Ya haɗa komai, yana ɗiga mai da bakin allura, ɗigon da ido ba ya gani sai da madubi. Zuciyar ya sa daga ƙarshe. Tana zama a gurbinta ta fara kaɗawa da kanta. Babu wanda ya yi magana a cikinmu. Shi kuwa ya ce, "Alhamdu lillahi," ya ci gaba da neman sabuwar roba.

Inda muka saɓa da shi a kan fuskar agogon ne. Ruwa ya bar mata tabo ruwan ƙasa daga wajen ƙarfe bakwai zuwa tara. Muka ce a sa sabuwa, ko a yi mata fenti. Ya ce, "In na sa mai sabuwar fuska, agogon wani za ku kai gida. Wagga ita kakanku ya duba shekara da shekaru." Ya share ƙurar da busasshen buroshi ya bar tabon. Ya kuma gargaɗe mu kada mu taɓa kankare fuskar tsohon agogo, domin waɗanda aka yi kafin shekarun 1960 da yawa sinadarin radiyam ne a fentinsu mai haske da dare, shaƙar ƙurarsa cuta ce.

Ranar da muka je karɓa, ya haɗa mana da wata 'yar leda. A ciki akwai sandar maɓalli, da gargare biyu, da sukurori huɗu, da tsohon gilashi, duk abin da ya cire. Ya ce mu ajiye, duk wanda ya gaji agogon ya san abin da ke na asali da abin da ke na aro.

Abin da marfin ya gaya mana

A gidanmu kowa ya san kaka ya je Makka "zamanin Gowon", amma babu mai iya faɗar shekara. Fasfo ya ɓace, waɗanda suka raka shi filin jirgi sun rasu. Dattijon nan ne ya nuna mana lambobin da ke bayan marfi. A agogunan Seiko, lambar farko ta jerin lambobi shida ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma wata ce. Namu ya fara da 4 da 3, wato watan Maris na shekarar da ta ƙare da 4. Lambar injin kuma 6119 ce, wanda aka yi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin na 1970. Saboda haka Maris 1974 ne.

Sai muka koma ga kalanda. Aikin hajjin da ya biyo bayan Maris 1974 a watan Disamba na shekarar aka yi shi. An hamɓarar da Janar Yakubu Gowon ranar 29 ga Yuli 1975, hajjin gaba kuwa a Disamba 1975 ya faɗo, zamanin Murtala. Idan maganar gida gaskiya ce, kuma a can ya sayi agogon kamar yadda kowa ya shaida, to Disamba 1974 kakanmu ya tsaya a Arfa. Maganar baka ita kaɗai ba ta ba mu shekara ba, lambar ita kaɗai ba ta ba mu tafiya ba. Da aka haɗa su sai ga kwanan wata. Da mun yarda an goge marfin da injin wanki don ya yi ƙyalli, ko an canza shi, da shaidar ta tafi.

Abin da ya rage gare mu

Darasi na farko na kalmomi ne. Muna yawan karanta labaran da aka gina a zamanin Kanta na Kabi, ko zamanin jihadi, sai mu ji jarumi yana cewa a haɗu "da ƙarfe huɗu", ko "ba ni minti biyar". Kanta a ƙarni na 16 ya yi mulki a Surame, babu wanda ya buga masa ƙarfe. Jarumin wancan zamani da hantsi yake fita, da la'asar sakaliya yake dawowa, alkawarinsa kuma "kafin inuwa ta kai gindin kuka" ne. Wanda ya sa minti a bakinsa ya sa wa tsohon agogo sabuwar fuska.

Na biyu na amana ne. Da yawa daga cikinmu muna zama da tsofaffi muna ɗaukar labari, ko mu samu tsohuwar takardar ajami da gara ta ci gefenta. Dole za a cike giɓi, kamar yadda dole aka sa gargaren aro. Amma mai karatu yana da haƙƙin sanin inda maganar tsoho ta tsaya da inda tamu ta fara. Mu riƙa ba shi 'yar ledar nan.

Na uku na gaggawa ne. Dattijon da ya yi mana aiki ba shi da yaro ko ɗaya a teburinsa. Sunayen da yake kiran kayan aikinsa da su, da labarin wanda ya koya masa, da irin agogunan da suka yi tashe a kowane zamani, duk a kansa suke. Haka maƙera da majema da masu gyaran rediyo. Muna roƙon kowane ɗan wannan zaure ya buɗe adakar gidansu a makon nan, tun kafin wata damina ta riga shi. Wanda ya samu agogo ya juya bayansa ya kwafi lambobin, sannan ya nemi mafi tsufa a gidan ya tambaye shi wa ya kawo shi, daga ina, zamanin wa. Ya rubuto mana abin da ya ji.

Agogon kakanmu yanzu yana hannun baffanmu. Yana rage kusan minti ɗaya a yini, kowace Juma'a sai ya saita shi da rediyo. Idan zai yi alwala yakan kwance shi ya sa a aljihu.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.